Ƙafar Ɗan Fari

Ban taɓa jin mahaifinmu ya kira sunan yayana ba. Tun ina yarinya a ƙauyenmu da ke bayan Fakku, in yana nemansa sai ya ce, "Uwata, ce ma wancan shi zo." Ni ce Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma sunan nan ne ya ba ni bakin faɗar abin da na ga dama a gabansa. Yaya kuwa ɗan fari ne. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya yabonsa gaban mutane, ba ya zuba masa ido a fuska. Baba malami ne mai karantarwa a zaure, ga jinin Fulani ta wajen uwa, sai ya ɗauki kunyar nan ya kai ta inda ko Fulanin ba su kai ba. In Yaya ya durƙusa gaishe shi, Baba zai sunkuyar da kai ya amsa kamar da tabarma yake magana. Ina yarinya abin dariya yake ba ni, har kwaikwayonsa nake yi wa Innarmu kafin ta rasu.

Ba zan wanke Yaya ba. Zuciyar Inna muka ɗauko ni da shi, ba ta Baba ba. Rikicin iyakar gona ya haɗa shi da wani a fadama, magana ta yi zafi, ya ɗaga ƙotar fartanya ya fasa wa mutumin kai. Alƙali ya ɗaure shi, kuma ko ni da nake ƙanwarsa ban ce an zalunce shi ba. Aka kai shi wani gidan yari da ba zan faɗi garinsa ba. Yanzu ma sun sake masa suna, wai gidan gyaran hali.

Lokacin ina aure a Tambuwal, ina koyarwa a firamare, kuma ɗaurin ya zo daidai da haihuwata. Ina cikin wankan jego, ba halin fita. Wata rana da zafin bazara sai ga Baba ya biyo ta gidana. Ya ce littafi ya je nema birni. Maigidana ne ya raɗa mini cewa gidan yarin ya je. Na tambayi Baba yadda ya samu Yaya, ya ce, "Shina nan." Na kawo masa tuwo bai taɓa ba, ya sha ruwa kawai ya hau babur ya koma ƙauye ta hanyar Kebbe. Na ɗauka gajiya ce.

Da na gama wanka na je da kaina. A bakin ƙofa suka karɓe wayata, suka caccaka tuwon da na kawo da cokali. Sai ga Yaya ya fito yana dafa bango, ƙafarsa ta hagu naɗe da tsumma daga idon sawu zuwa yatsu. Warin ya riga shi isowa wurina.

Ya gaya mini a hankali, don akwai gandiroba tsaye kusa. Ruwan sha ne ya yanke a ɗakinsu cikin zafin nan, ya yi magana, aka ce ya yi shiru, ya ƙara ɗaga murya. Shi ne suka sa masa mari, wato ƙarfen da ake ɗaure ƙafa da shi, suka matse shi, suka jefa shi wani ƙuntataccen ɗaki suka bar shi kwana da kwanaki. Ƙafar ta kumbura, ƙarfen ya ci nama. Da suka cire, sai miki ya buɗe ya ƙi rufewa. Mai ba da magani na gidan yana shafa masa shuɗin maganin nan na miki yana ba shi ƙwayar ciwon kai. In ya roƙi a kai shi asibiti sai a ce babu mota.

"Yatsun ba ni jin su," in ji shi. "Ko na taɓa, awa ba nawa ba."

Ban san yadda na fito daga gidan nan ba tare da na zagi kowa ba. A mota na yi ta kuka har wata tsohuwa ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

Maigidana ne ya san akwai lauyoyi a Sakkwato masu tsaya wa marasa ƙarfi kyauta. Wanda aka haɗa mu da shi saurayi ne siriri, mai magana sannu-sannu kamar yana tsintar tsakuwa a shinkafa. Ni mai tsawa nake so, saboda haka ban so shi ba da farko. Ya bari na gama zubar da abin da ke cikina, sannan ya ce ɗaurarre ma yana da ikon kai ƙara. Ɗauri yawo ya hana shi, bai ba kowa jikinsa ba. Ya ce za mu nemi babbar kotu ta ce abin da aka yi masa ya saɓa doka, ta ba da umarni a kai shi asibiti, ta kuma sa a biya shi diyya. Na ce masa ya riƙe diyyarsa, ni ƙafa nake so.

Irin wannan ƙara da takarda ake fara ta. Tunda mai ƙarar yana kulle, doka ta yarda ɗan'uwansa ya yi rantsuwa a madadinsa, ya faɗi abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Ni na yi. Aka kai wa shugaban gidan yarin da gandirobobin da Yaya ya ambata sammaci. Na koma Tambuwal ina jin kamar gobe za a kai shi asibiti. Ashe ban san kotu ba.

Su ma takardar rantsuwa suka kawo. Suka ce ba a taɓa sa masa mari ba, da ciwonsa ya shigo, tsohon sara ne na gona, kuma ana kula da shi. Lauyansu ya ƙara da cewa ma ba wannan kotun ce ya kamata ta ji maganar ba. Sai aka bar ƙafar Yaya aka koma gardamar wace kotu ce. Aka yi zama, aka ɗage. Aka sake zama, alƙali ya ce zai yi nazari. Ruwa ya sauka, mutane suka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sannan ya yanke cewa yana da hurumi. Duk ranar zama in goya jaririyata in shiga motar Sakkwato tun da safe, in zauna a benci in ji Turanci, in fito da wata sabuwar rana a hannu. Duk ranar ziyara kuma in tarar tsumman ya ƙara girma.

Daga nan alƙali ya ce rantsuwa ta ci karo da rantsuwa, kuma takarda ba a yi mata tambaya ta amsa. Saboda haka kowane ɓangare ya kawo shaidunsa su yi magana da baki, a kuma kawo mai ƙara gabansa. A nan na ga abin da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Waɗanda Yaya ya kai ƙara su ne za su ɗauko shi su kawo, su ne za su mayar da shi, su ne za su kulle shi ya kwana. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ranar farko suka ce babu mai a mota. Ta biyu direba ba lafiya. Sai da alƙali ya ce in aka sake zuwa babu shi, shugaban gidan ne zai zo ya yi bayani da kansa.

Lauyanmu ya kira ni gefe a farfajiyar kotu. Ya ce maganar Yaya ita kaɗai ba lallai ta isa ba, mutum ne da aka ɗaure kan duka, kuma gandirobobi da yawa za su rantse iri ɗaya. Mikin ya bazu har siffar ƙarfen ta ɓace, babu kuma takardar likita tunda ba a kai shi wurin likita ba. 'Yan ɗakinsu sun gani, amma wa zai yi shaida kan mai riƙe da makullinsa? Ni kuma da na je an riga an cire. Ya ce mutum ɗaya ne daga waje ya ga ƙarfen a ƙafarsa, Yaya ne ya gaya masa.

"Wa?" na ce.

"Mahaifinku."

Na tsaya da goyo a baya, na tuna tuwon da bai ci ba, na tuna "shina nan." Ya gani da idonsa, ya biyo ta gidana, ya sha ruwana, ya yi shiru. Ban taɓa jin haushin Baba irin na ranar ba.

Lauyan ya ce yana iya sa kotu ta aika masa sammaci, amma shaidar da aka jawo da igiya ba ta cika daɗi ba. Na ce ya bar ni da shi. Washegari na bar jaririyar wurin uwar mijina na hau kabu-kabu zuwa gida ta hanyar Kebbe. Damina ta yi nisa, hanyar ƙauyenmu duk taɓo, wani wurin sai na sauka na tattare zani mai babur ya tura. Na samu Baba a zaure bayan la'asar, ɗalibai sun watse, yana gyara alƙalamin kara da 'yar wuƙa. Na gaishe shi a gajarce.

"Baba, ka ga marin?"

Bai ɗago ba. "Na bar ma Allah."

"Ban tambaye ka wa kab bar ma ba. Ka gani ko ba ka gani ba?"

"Uwata."

"Alƙali na son wanda yag gani. Kai ɗai na. In ba ka zo ba, su rantse su ci, shi ko shi koma ciki da ƙafatai tana ruɓewa."

Ya ajiye wuƙar. Ya ce shi bai taɓa taka kotu ba, ko da aka yi shari'ar dukan bai je ba. Ya ce wanda ya ɗebo da zafi bakinsa. Sannan ya faɗi ainihin abin, da murya ƙasa-ƙasa. "So kika yi in tashi tsaye gaban jama'a, da hurhurata, in yi kukan ɗan fari? Mi mutane za su ce? Ubana bai yi min ba, nasa bai yi mai ba."

Na san ba taurin zuciya ba ne. A wurinsa, ya tsaya ya ce ɗana, an cuci ɗana, daidai yake da a tuɓe masa riga a tsakar kasuwa. Na san haka sarai, amma kaina ya riga ya ɗau zafi.

"To shi ke nan," na ce. "In sunka yanke ta, ba ni za a ba ba, mace ba ta zuwa maƙabarta. Kai za a miƙa ma ita cikin tsumma ka je ka rufe. Ran nan ka ji kunya da kyau."

Ya ɗauki karan ya ci gaba da feƙewa. Na gaya masa ranar zama, na fita ban yi sallama ba. Har na isa Tambuwal ban san ko na gyara ko na ƙarasa ɓatawa ba.

Ranar zaman na isa tasha da safe na samu Baba zaune a kan benci, da butarsa da carbinsa, taɓo ya bushe a gefen wandonsa. Ya ce akwai wani malami da ba shi da lafiya a birni, shi zai je dubawa. Na ce Allah ya ba shi lafiya. Muka shiga mota ɗaya har Sakkwato. Da muka sauka na nufi kotu ban waiwaya ba, ina jin takunsa a bayana.

Sun kawo Yaya ranar. Mutum biyu ne suka riƙo shi daga mota, ƙafar a sama ba ta taɓa ƙasa, ankwa a hannu. Alƙali ya sa aka cire ankwar, ya ce a gabansa mai ƙara ne, aka ba shi kujera. Gandirobobin da ake ƙara suka jeru a benci cikin kakinsu, a bayansa kaɗan. Baba ya nemi can ƙarshen ɗaki ya zauna, kai a ƙasa. Da za a fara sai aka ce duk mai ba da shaida ya fita waje har a kira shi, kada ya ji abin da na gabansa ya faɗa. Ya tashi ya fita da sauri, har na ji tsoron ba zai dawo ba.

Yaya ya fara. Da lauyanmu ke tambayarsa ya yi bayani tiryan-tiryan, tafinta na juyawa zuwa Turanci, alƙali na rubutawa da hannunsa. Sai lauyan gandirobobi ya tashi. Dattijo ne Bahaushe mai furfura a gemu, mai ladabi, irin wanda in ka gan shi a masallaci za ka matsa masa. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya tambayi Yaya me ya kawo shi gidan yari. Ya tambaye shi da me ya bugi mutumin. Ya tambaye shi ko ya taɓa sarar ƙafarsa a gona. Yaya ya ce wane manomi ne bai taɓa ba. Ya ce to ashe ya taɓa. Haka ya yi ta tsokanarsa a hankali har Yaya ya buga hannun kujera ya ce ƙarya suke yi dukansu, munafukai. Alƙali ya tsawata masa. Lauyan ya dubi alƙali ya ɗan buɗe hannuwa, kamar mai cewa ga shi kun gani, ya zauna. Na san saura Baba kaɗai.

Aka kira shi. Aka jima kafin ya shigo. Ya tsaya a wurin shaida yana riƙe da katakon gabansa. Magatakarda ya kawo Alƙur'ani ya tambaye shi ko yana da alwala. Ya ce yana da ita, amma shi ba ya dafa Littafi kan sha'anin duniya. Na dafe kai, na ce shi ke nan ya kashe mu tun ba a fara ba. Sai alƙali ya ce ba dole, doka ta yarda ya yi alkawarin faɗar gaskiya da baki, kuma nauyinsu ɗaya. Ya yi.

Lauyanmu ya tambaye shi sunansa da garinsa da sana'arsa, ya amsa. Ya ce ko ya san mai ƙara. Ya ce ya san shi. Ya ce ya nuna shi. Baba ya miƙa hannun da ke riƙe da carbi wajen kujerar Yaya, fuskarsa na kallon wani gefen.

"Mene ne tsakaninku?"

Fanka na juyawa a sama. Tafinta ya maimaita, Baba ya motsa baki ba abin da ya fito. Alƙali ya ɗago daga rubutu ya dube shi ta saman tabarau.

"Ɗana na," in ji Baba. "Na fari."

Yaya ya sunkuyar da kai. Shekarunsa sun haura arba'in, da matarsa da 'ya'yansa, kuma ranar ce ya fara jin kalmar nan daga bakin nan.

Sauran amsoshin gajeru ne ƙwarai. Ya je ziyara? Ya je. Me ya gani? Ƙarfe. A ina? Ga ƙafa. Lauyanmu ya yi ta ƙoƙarin jawo shi ya faɗaɗa, amma doka ba ta bar shi ya sa wa shaidarsa magana a baki ba, Baba kuma ba ya ƙara ko kalma. Dole ya zauna.

Dattijon lauyan ya tashi ya gaishe shi da Hausa, Allah shi gafarta Malam, sannan ya koma Turanci saboda rubutun kotu. Shi ya san al'adarmu ciki da waje, da ita kuma ya zo.

"Malam, ɗan fari ne ka ce. Tun da aka haife shi, ka taɓa zama ka dubi fuskarsa?"

"A'a."

"Ranar da ka je ziyara, ka dube shi?"

"Ban dubi fuskatai ba."

"Kun yi hira?"

"Gaisuwa ɗai."

"Da ka fito, ka kai kuka wurin shugaban gidan?"

"A'a."

"Ka gaya wa 'yarka da ta kawo wannan ƙara?"

"A'a."

"Ka gaya wa wani mahaluki?"

"A'a."

Lauyan ya gyara rigarsa. Ya ce yana gaya wa Malam, da dukan girmamawa, cewa bai ga komai ba. Mutumin da bai dubi ɗansa ba, bai yi masa magana ba, bai gaya wa kowa ba, 'yarsa ce ta je ta karanta masa abin da zai faɗa. Baba ya ce ba haka ba ne, daga nan bai ƙara ba. Lauyan ya ce ya gama. Gandiroba ɗaya ya jingina da benci ya miƙe ƙafafu. Ni kuwa ji nake kamar in tashi in ƙwace maganar in faɗa da kaina, sai da matar da ke kusa da ni ta riƙe mini mayafi.

Ashe akwai sauran dama ɗaya. Bayan lauyan ɗaya ɓangaren ya gama, wanda ya kawo shaida yana iya sake tambaya, amma kan abin da ya taso a tambayoyin kawai. Saurayin nan da na raina ya miƙe a hankali.

"Malam, ka ce ba ka dubi fuskarsa ba. To ina kake duba?"

Dattijon ya tashi ya ce bai yarda ba, sabuwar magana ake son shigowa da ita. Alƙali ya ce shi ya buɗe ƙofar da kansa, shaida ya amsa.

"Ƙasa," in ji Baba.

Na ɗauka ya gama. Sai ya ja numfashi ya ci gaba, idonsa a kan katakon da yake riƙe.

"Ƙafafunai nika kallo. Tun shina rarrafe su nika kallo, don su ɗai anka bar min. In yaz zo gaisuwa su nika gani, in ya tashi su nika rakawa. Akwai tabon lauje ga dugadugin dama, shina yaro yat taka shi wajen yankan ciyawa. Ƙaramin yatsan hagu bisa ɗan'uwanai shika hawa, awa na uwatai. Ran da 'yan sanda sunka tafi da shi, ga ƙofar zaurena sunka wuce, ba takalmi, ba ko ƙwarzane ga ƙafag ga. Ran da nij je, ƙarfe na ciki. Nama ya kumbura ya rufe rabinai, ruwa na tsattsafowa, ƙuda na bi. Da yaj juya za shi koma, sarƙa na jan ƙasa, ya ɗaga ta da hannu don kar in ji."

Tafinta ya tsaya a tsakiya ya sake farawa. Alƙali na rubutu bai ɗago ba.

"Kun ce ban faɗa ma kowa ba," in ji Baba, ba tare da an tambaye shi ba. "Gaskiya na. Da na buɗe baki ran nan, ba magana za ta fito ba."

Hawaye na bin gemunsa, bai share ba, bai kuma ɗago kai ba. Ni da nake kwaikwayonsa ina dariya, sai ga ni ina cusa bakin mayafi a baki kada a ji ni.

Alƙali ya sa magatakarda da lauyoyin biyu su je su duba dugadugin Yaya na dama. Tabon na nan. Sannan ya ce a kwance tsumman hagu. Da aka kwance, na gaban benci suka kau da kai, alƙalin da kansa ya sa hankici a hanci. Dattijon lauyan ya ce tabon yarinta ba ya tabbatar da mari, kuma shaidunsa ba su yi magana ba tukuna. Alƙali ya ce haka ne, zai ji su, hukunci kuma sai an kammala. Amma ƙafa ba za ta jira hukunci ba. Ya ba da umarni a wuce da mai ƙara asibitin gwamnati daga nan kotu, ba tare da an koma da shi gidan yari ba, likita kuma ya aiko wa kotu abin da ya gani. Ranar motar ba ta rasa mai ba.

Likitoci suka ce an makara, amma ba duka ba. Sun cire ƙananan yatsu biyu da gefen ƙafar, har da mai hawa kan ɗan'uwansa, suka ceci sauran. Shari'ar ta ci gaba har bayan kaka. A ƙarshe alƙali ya ce an keta haƙƙinsa, ya yanke diyya, su kuma suka ɗaukaka ƙara, maganar tana can har yanzu. Ban cika bin ta ba.

Baba ya biya nasa farashin. Labari ya riga mu isa gida, cewa Malam ya yi kukan ɗan fari a gaban alƙali. Sa'o'insa suka samu abin tsokana, wata gwaggonmu ta ce ya zubar da girman gida. Ya daɗe ba ya zuwa kasuwar Kebbe. Ni ma ya daɗe bai ce mini Uwata ba, sai dai ke. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

Da Yaya ya gama wa'adinsa ya dawo, na je ƙauye tarbarsa. Ya shiga zaure yana ɗingishi da sanda, ya durƙusa da ƙyar ya yi gaisuwa. Baba ya sunkuyar da kai ya amsa wa tabarma, kamar yadda ya saba. Raina ya so ya ɓaci, na danne. Babu takalmin da ke zama a ƙafar nan, kowanne sai ya zame ta gefen da aka yanke, saboda haka da tsumma yake yawo.

Ranar kasuwa Baba ya shirya ya tafi Kebbe shi kaɗai. Bayan mako ya sake komawa, ya dawo da ƙunshi a leda. Daga baya badukun da ya je wurinsa a Kebbe ya gaya wa maigidana cewa shi ya ce a kawo mai ƙafar ya auna, Malam ya ce ba sai an kawo shi ba, ya shata masa a kan fata da yatsa, ya nuna inda za a cike da inda za a matse.

Ina tsakar gida ya kira ni. "Uwata, ba wancan."

Na kai wa Yaya. Takalmin fata ne, na hagun an ɗinke gefensa an cusa masa auduga. Ya zura ƙafa, ta zauna daram. Ya tashi ya taka zuwa bakin rijiya ya dawo, bai zame ba. Ya ɗauki sandarsa ya bi ta zaure zai fita masallaci. Na leƙa ta bayansa. Baba na zaune da littafi buɗe a cinya, kansa a ƙasa, amma ba littafin yake kallo ba.